Jigawa: Kalmar Manomi da Tarihin Ƙasar da Ke Ƙarƙashin Gonakin Kura da Bunkure

A ƙasashen sanyi na arewacin duniya akwai wasu tuddai da suka daɗe suna ɗaure wa masana kai. Dogaye ne masu sulɓin baya, tsawon ɗaya kan kai kilomita 1 ko 2, tsayinsa bai cika wuce mita 50 ba, kuma da wuya a ga ɗaya shi kaɗai. Ɗaruruwa ake samu a jere, duk sun fuskanci waje guda. Sunansu a littattafan ilimin ƙasa drumlin. Ba a jami'a aka ƙirƙiro kalmar ba. Daga bakin manoman ƙasar Ayalan ta fito, daga druim, wato gadon baya ko doro, aka ƙanƙantar da ita ta koma ma'anar ɗan doro. An fara ganinta a rubuce a 1833, sannan wani limamin coci mai nazarin duwatsu, Maxwell Close, ya ba ta gindin zama a ilimi a 1867, lokacin da ya danganta tuddan da ƙanƙarar da ta taɓa lulluɓe tsibirin, tana tafiya a hankali, tana murza laka da tsakuwa a ƙarƙashinta. 'Yan'uwan kalmar ma haka suka samo asali. Esker, sunan dogon tudun yashi da tsakuwa da ruwa ya shimfiɗa a ƙarƙashin ƙanƙara, daga harshen Ayalan take. Moraine, tarin ƙasa da duwatsun da ƙanƙara ke turowa gabanta, daga bakin ƙauyawan tsaunukan Savoy ta shiga Faransanci. A duka ukun mai gona ne ya raɗa suna, masani ya zo daga baya ya kawo dalili.

Babu irin waɗannan tuddai a ƙasar Kano. Ƙanƙarar zamanin sanyi na ƙarshe ba ta sauko nan ba. A Afirka ta tsaya ne a kan manyan tsaunuka irin su Kilimanjaro da Dutsen Kenya da Ruwenzori. Akwai dai sawun wata tsohuwar ƙanƙara a duwatsun Sahara, a kudancin Aljeriya da yankin Jado na Nijar, amma wannan ta haura shekara miliyan 440, tun nahiyar tana can kusa da ƙuryar kudancin duniya. Duk da haka zamanin sanyin nan bai wuce mu hannu rabbana ba. Ya bar mana nasa tuddan, sai dai iska ce ta tara su, kuma manomin Hausa ya raɗa musu suna tun da daɗewa: jigawa. Abin da nake son kafawa a nan shi ne jigawa ce takwarar drumlin a wurinmu, yanayi guda ya haife su, kuma kalmar tana ɗauke da sanin ƙasa wanda aikin noman rani na Kura da Bunkure bai isa ya yi watsi da shi ba.

Mu fara da kalmar kanta. Mai saurare na iya zaton jam'in mutane ce irin Kanawa ko Gobirawa, musamman tun daga ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanki arewa maso gabashin tsohuwar Jihar Kano ta sa wa sabuwar jihar wannan suna. Nahawu bai yarda da wannan zato ba. Muna cewa Kanawan Dabo da mahaɗin jam'i, amma muna cewa Jigawar Tsada da mahaɗin tilo mace, jam'inta kuwa jigayi. Sunan wuri ne, kuma jihar ce ta ara daga gona. Abin lura shi ne yadda kalmar ta bambanta da maƙwabtanta. Tudu bisa kawai yake nufi, ko da na marmara ne ko na jangargari. Rairayi da yashi kuwa abin da ke hannu suke nufi, ko da a tsakiyar kogi aka ɗebo su. Jigawa ta haɗa biyun ta ƙara na uku: wuri ne mai ɗan bisa, ƙasarsa rairayi ce sako-sako, kuma ana nomawa. Idan manomi ya ce gonarsa jigawa ce, ya gaya maka fartanya za ta shiga ba wahala, ruwa ba zai kwana ba, gero da gyaɗa da wake za su yi, taki kuma ba zai daɗe ba. Wannan ma'ana ba ta tsaya a Kano ba. A ƙasar Maraɗi manoma na raba gonakinsu zuwa jigawa da geza da fadama, kuma masu bincike na Faransa irin su Claude Raynaut da suka yi aiki a can sun riƙa rubuta kalmomin yadda suka ji su, domin sun tarar cewa a kansu aikin noma ya ginu.

To wane ne ya tara jigayin? A 1958 A. T. Grove na Jami'ar Kambirij ya wallafa wani nazari a kan abin da ya kira tsohon tekun rairayi na ƙasar Hausa. Hujjarsa mai sauƙin bi ce. Idan aka dubi ƙasar da ke arewa maso gabashin Kano daga sama, wajen Ringim da Jahun da Gumel har zuwa Haɗeja, za a ga tuddan rairayi a miƙe, ɗaya gefen ɗaya kamar kunyoyin gona, sun taso daga arewa maso gabas sun nufi kudu maso yamma. Wannan ita ce hanyar da iskar hunturu ke bi har yau. Amma iska ba ta iya tara rairayi haka sai inda ƙasa take tsirara, kuma a yau tuddai masu tafiya ba sa samuwa sai inda ruwan shekara ya gaza kimanin milimita 150. Kano kuwa tana samun milimita 800 ko fiye a shekara mai kyau. Ke nan a lokacin da aka tara waɗannan tuddai bakin hamada ya sauko kudu da ɗaruruwan kilomita. Binciken da ya biyo baya ya danganta babban aikin da tsananin bushewar da ta auku tsakanin kimanin shekara 20,000 zuwa 12,000 da suka wuce, ko da yake akwai rairayin da ya girmi haka wanda iska ta sake juyawa. Wannan lokaci shi ne ƙarshen zamanin ƙanƙara a Turai da Amurka ta Arewa, kuma haɗuwar ba dace ba ce. Ruwan duniya mai yawa ya daskare a kan tudu har teku ta ja baya da kusan mita 120. Tekun da ta huce ba ta ba da tururi sosai, iskar damina da ke tasowa daga Atilantika ta yi rauni, iskar arewa ta samu fili. Sanyin da ya sa ƙanƙara ta murza tuddan Ayalan shi ne ya hana mu damina, ya sakar wa iska rairayi.

Daga baya al'amari ya juya. Kimanin shekara 11,000 da suka wuce ruwa ya dawo fiye da na yau. Tafkin Cadi ya cika ya batse har gaɓarsa ta kai dogon tudun da ya ratsa Maiduguri da Bama, kuma kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987 a ƙasar da ke Jihar Yobe yanzu, mai shekara kusan 8,000, shaida ne cewa mutane sun yi sufuri a ruwan wancan zamani. Ciyawa da itatuwa suka kama tuddan rairayi suka tsayar da su, ruwan sama ya sassabe ƙoƙuwarsu, ƙarfen da ke jikin ƙwayoyin rairayin ya yi tsatsa ya ba su jan launin da muke gani. Koguna kuma dole suka nemi hanya ta tsakanin tuddan, suna rarrabuwa suna malala, abin da ya haifar da dausayin Haɗeja da Nguru. Ruwan da aka sako daga madatsar Tiga yau, in ya wuce Wudil, tsakanin waɗannan tsofaffin jigayi yake bi.

A nan ne mai sanin Kura zai ɗaga hannu. Zai ce duk wannan labarin Jahun ne da Haɗeja; wanda ya bi hanyar Zariya ya ratsa Kura da Kadawa, ko ya karkata ta Bunkure ya nufi Rano, shimfiɗaɗɗen fili zai gani da duwatsu jefi-jefi, ba jerin tuddan rairayi ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a kauce masa ba. Kudancin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya leƙo a Rano, yayin da ƙasar jigayi ta ainihi take kan kwancen da ya gangara zuwa Cadi. Amma iskar da ta tara rairayi a can ba ta tsaya a iyaka ba. Mai nauyi ta ajiye kusa, mai laushi ta ɗauko ta yi gaba da shi. Grant McTainsh, wanda ya auna ƙurar hunturu da ke sauka a Kano a ƙarshen shekarun 1970, ya kafa hujja cewa ƙasar saman da ta rufe filayen Kano har zuwa wajen Zariya tarin abin da iska ta kawo ne, kuma tana ƙara laushi in ana yin kudu. Har gobe aikin bai tsaya ba: hazon da ke rufe Kano tsakanin Disamba da Fabrairu mafi yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi yake tasowa, wato daga busasshen gindin wancan babban tafki. Saboda haka gonar Kura mayafi ce ta turɓaya da rairayi mai laushi a kan tsohon dutse, a wurare da yawa kuma akwai marmara a tsakani. Inda mayafin ya yi kauri ya ɗan tasa, manomi na kiransa jigawa, ko da idon baƙo bai ga tudu ba. A ganina wannan ne ya fi komai nuna ƙarfin kalmar. A inda tuddai suke tana nufin siffa da hali gaba ɗaya. A inda siffar ta ɓace sai ta riƙe halin, domin halin ne ya dami mai shuka.

Wani zai ce wannan duk ƙawata magana ne, tunda manomin da ya fara cewa jigawa bai san zamanin ƙanƙara ba, bai san Bodele ba. Haka ne. Manomin Ayalan da ya ce ɗan doro shi ma bai san ƙanƙara ta taɓa hawa gonarsa ba. Masanan Turai kansu sun daɗe suna danganta irin waɗannan tarin ƙasa da ruwan Ɗufana, har sai da Louis Agassiz ya fito fili da batun zamanin ƙanƙara a 1837 a Nushatel ta Suwizalan. Tun kafin shi, a 1815, wani maharbin tsauni mai suna Jean-Pierre Perraudin ya gaya wa masani Jean de Charpentier cewa ƙanƙara ta taɓa cika kwarinsu, domin ya ga karce a jikin duwatsu inda babu ƙanƙara a lokacin, masanin kuma bai yarda ba sai bayan shekaru. Abin da kalmar manomi ke adanawa shi ne rarrabewa: wannan ƙasa daban take da waccan, kuma ga inda iyakarsu take. Bayanin dalili aikin masani ne, amma ba zai san abin da zai bayyana ba sai an fara ware masa shi. Mun ga haka da fadama. Masana ƙasa da na noma ba su sami kalmar da ta fi ta ba, suka ɗauke ta yadda take, har ta zama sunan babban shirin noman rani da Bankin Duniya ya tallafa wa Najeriya da shi tun farkon shekarun 1990. Jigawa ta samu shiga taswirar siyasa, amma a takardun aikin gona na ƙasarmu ba ta samu irin wannan matsayi ba, alhali ita ce ɗaya rabin tsarin da fadama take ciki.

Darajar jigawa kuwa ta sha hawa da sauka, kuma wannan shi ne tarihin noman Kano a taƙaice. A da, gero da dawa na tudu su ne abincin gida, fadama kuma ta rani ce, inda ake ɗebo ruwa da jigo a shayar da albasa da alkama a ƙananan fangali. Kura a wancan zamani da rini aka san ta, da baƙin rawani mai ƙyalli, ɗan Kura, wanda fatake ke kai wa Buzaye har cikin Sahara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, gyaɗa kuwa ƙasa mai sako-sako take so, inda za ta nutsa 'ya'yanta a kuma tuge ta ba tare da asara ba. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita a kan jigawa aka gina ta. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, kasuwar ta durƙushe. A daidai wannan lokaci gwamnatin Audu Baƙo ta kammala madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, bayan ƙaramar madatsar Bagauda da aka fara gwaji da ita a Kadawa. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya tsara aikin noman ranin da zai sha ruwan Tiga, an nufi hekta 22,000 a kashi na farko, daga baya aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Daga nan ma'auni ya sauya. Ƙasar da ke riƙe ruwa ta zama abin nema, wadda ke shanye shi ta zama abin lissafi.

Dalili yana cikin yadda aikin yake tafiya. Ruwan Tiga da gangara yake zuwa, ba da inji ba. Babban kanal ya ɗauko shi, ya rabu biyu, reshen yamma ya nufi Kadawa da Garun Malam da Kura, na gabas ya nufi Bunkure, daga nan ƙananan hanyoyi su kai shi bakin gona, manomi ya ja da tiyo. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka duk inda ƙasa ta ɗaga fiye da kanal an bar ta a waje, ko kuma katafila ta baje ta. Bajewar ta gyara fuskar fili, amma ba ta canja abin da ke ƙasa ba. A wani wurin ma ta kwashe ƙasar sama ta matso da marmara kusa. Saboda haka gonaki biyu na iya shan ruwa daga hanya ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ta riƙe danshi har zagaye na gaba, ɗaya ta bushe kafin lokaci. Mai jigawa yana bukatar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma in ya zuba takin zamani gaba ɗaya, ruwa zai wanke shi ya wuce saiwa. Ruwan da ya nutse ba ɓacewa yake ba. Yana sauka har ya ci karo da marmara ko dutse, sai ya bi gefe ya ɓulla a gonar da ke kwari, ya jiƙe ta fiye da kima, kacalla ta cika magudanan da ya kamata su kwashe shi, in rana ta yi zafi kuma kanwa ta fito fari a saman ƙasa. Shinkafa, wadda ta mamaye yankin har Kura ta zama cibiyar casarta, ta ƙara fito da bambancin, domin tana son ruwa ya tsaya, abin da laka ke yi cikin sauƙi, jigawa kuwa sai an yi ta ɗura mata. Tumatir da albasa da kankana sun fi jin daɗin inda ruwa ke wucewa. Manoman yankin sun san wannan sarai, shi ya sa wanda zai karɓi hayar gona yake tambayar irin ƙasarta kafin ya tambayi faɗinta.

Ƙalubale mafi nauyi shi ne na masu cewa zamani ya wuce nan. Akwai ɗakin gwaji, akwai tashar bincike a Kadawa ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ana iya auna yawan rairayi da laka da gishiri a ba da lamba, alhali jigawar wani ƙauye ba lalle ta zama daidai da ta wani ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban ga amfanin a raina awo ba. Abin da manomin Bunkure zai kira jigawa, na Jahun na iya ganin ya yi masa nauyi, domin kowa da maƙwabciyar gonarsa yake gwadawa. Gishirin da ke taruwa a ƙarƙashi kuma na'ura kan gano shi kafin ido ya gani. Masu tsara aikin ma sun yi safiyon ƙasa kafin su haƙa kanal. Sai dai safiyo yana ɗaukar samfuri nan da can ne ya zana iyaka a tsakani, kuma an yi shi ne kafin bajewa da shekara kusan 50 na ban-ruwa su sauya filin. Gonakin yankin ƙanana ne, an rarraba su ta gado da saye da haya, kuma cikin eka ɗaya ana iya samun kai jigawa, gindi laka. Babu hukumar da ke da kuɗin auna kowane fangali, amma kowane fangali yana da mai shi wanda ya san inda yake fara bushewa. Rashin daidaiton kalmar tsakanin gari da gari abu ne da ake gyarawa ta hanyar auna wasu gonakin da manoma suka kira jigawa a kowane sashe, a ga lambar da ta dace da sunan a wurin. Da haka awo zai ba kalmar ma'auni, kalmar kuma ta kai awon inda ƙafar ma'aikaci ba ta taka ba. Drumlin ma ba ta da iyakar tsawo ko tsayi a bakin manomin Ayalan. Masana ne suka ɗauke ta suka daidaita.

Akwai kuma hasarar da ke tafe a hankali. Yaron da ya tashi a Kura yau ya buɗe ido ya ga kanal da shinkafa, kuma a makaranta yana iya haddace sunayen tuddan ƙanƙara na Turai don jarrabawa ba tare da an gaya masa cewa ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa 'yar zamani ɗaya ce da su ba. Ba laifi ba ne ya san na Turai, ai da su muka fara wannan magana. Laifin shi ne a bar shi yana zaton ilimin ƙasa a wani wuri yake faruwa. Dattawan da suka noma filin kafin katafila ta shiga, waɗanda suka san inda jigawa take da inda fako yake da inda tsohuwar fadama ta bi, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma babu taswirar da ta ɗauki abin da ke kansu.

Kirana ga Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, da masu bincike na Kadawa da Jami'ar Bayero, da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na kowane sashe, shi ne su zauna da waɗannan dattawa tun suna raye, a bi gonaki ɗaya bayan ɗaya a rubuta sunan da manomi ke kiran ƙasar kowace, a haɗa da awo, sannan a tsara rabon ruwa da shawarar taki a kan abin da aka samu. Malaman labarin ƙasa na makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam kuma, in sun zo darasin zamanin ƙanƙara, su fita da ɗalibai bayan gari su nuna musu jigawa.